Fiyano a Gayyar Goggo Hure

Duk wanda ya san Musbahu mai fiyano a garin Gaya, da abu biyu ya san shi: zaƙin hannu da ciwon baya. Zaƙin hannun Allah ne ya ba shi. Ciwon bayan kuwa tsohon fiyanonsa ne ya ba shi, wani jibgegen abu mai nauyin buhun gero, wanda ba ya motsi sai da ƙarti biyu, ba ya kuma cewa uffan sai an tayar masa da janareta. In an kira shi biki a Ajingi, sai ya nemo a-kori-kura, a ɗora fiyano, a ɗora teburinsa na ƙarfe, a ɗora janareta da galan ɗin mai da tarin wayoyin nan da kullum sai sun harɗe. Kafin ya taɓa maɓalli ɗaya ya gama gajiya, kuma in ya dawo gida sai matarsa Hamdiyya ta dafa masa ruwan gashi.

Ranar da abin ya ishe shi, ya sayar da jibgegen, ya hau motar Kano, ya dawo da wani ɗan siriri a cikin jakar goyo. Hamdiyya ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta girgiza shi a kusa da kunnenta.

"Baban Zaituna, anya sun sa maka wani abu a ciki kuwa? Ko kwalin kawai suka ba ka?"

Abokan sana'a ma ba su ƙyale shi ba. Wani ya ce abin wasan yara ne, wani ya ce in iska ta taso a filin biki sai an bi shi da gudu. Musbahu ya bar su suka yi ta yi, don shi kaɗai ya san daɗin da yake sha. Batir yake ci irin na tocila da rediyo, wanda ko a teburin mai shayi ana samu. Da lasifikarsa a jikinsa. Akwai muryar ganga a ciki, akwai ta sarewa, akwai wata mai kama da kalangu in ba a cika tsananta bincike ba. Yanzu sai ya goya abinsa, ya hau babur, ya yi suna a Balan da hantsi, ya yi kamu a Gaya da yamma, ya dawo gida yana fito. Cikin wata biyu, bayan nasa da ya yi shekaru yana kuka ya yi shiru.

Ana cikin wannan zaman daɗi, damina ta kankama, sai ga wayar Goggo Hure daga Gafasa. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma a ɗakinta ya yi yawancin damunan ƙuruciyarsa. Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya a bayan gari da 'ya ɗaya, Karimatu, wadda ke aure a Kano. Tun rasuwar, Karimatu take lallashin uwar ta bar wahalar ƙauye ta dawo wajenta, uwar tana zillewa. To bana zazzaɓi ya kwantar da Goggo ana gama shuka, kafin ta miƙe ciyawa ta hau kan gero ta zauna. Karimatu ta samu abin da take nema. Ta sa uwar ta yi mata alkawari a gaban dangi cewa in gonar ta lalace bana, to an gama, za a ba wani aronta, ita kuma ta tattaro ta koma birni. Goggo ta amsa da baki, amma duk wanda ya san ta ya san ba ta son ta kwana ko'ina in ba Gafasa ba.

"Na kira gayya ranar Laraba," in ji ta a waya. "Abdulsalam, shugaban samarin unguwarmu, ya ce za su ba ni yini ɗaya, don kowa tasa gonar na jiransa. To Bappa mai gangar noma ya faɗo daga keke, hannunsa na cikin ɗori. Yaran yanzu kuwa ka san su, in babu kiɗa kafin azahar sun watse."

"Ayya, Goggo. To yanzu wa za a samo?"

"Wa za a samo kamar yaya? Kai ba makaɗi ba ne?"

"Goggo, ni kiɗan biki nake yi."

"To ka zo bikin ciyawa," ta ce, ta kashe wayar.

Ranar Laraba yana idar da sallar asuba ya goya jaka ya kama hanya. Daga Ajingi zuwa Gafasa ruwa ya yi wa hanya ɓarna, akwai inda ko a-kori-kura mai ƙarfin hali sai ta juya, shi kuwa ya bi gefe ya wuce. Daga gari zuwa gonar 'yar siririyar turba ce tsakanin gyaɗa da dawa. Ya lallaɓa da babur har gindin wata tsamiya a bakin gonar, inda dattawa suka riga suka shimfiɗa buhuna suka zauna da rediyoyinsu, don ba a gayya babu 'yan kallo masu gyara.

Ya tsaya ya ƙare wa gonar kallo. Geron yana nan, amma sai ka sunkuya ka neme shi. Harƙiya da ƙiri-ƙiri sun haɗa kai sun rufe kunyoyi, ga faɗin wurin har ido ya gaji. Samari sun fi ashirin, kowa da fartanya a kafaɗa, suna kallon mutumin da ya zo gona da shadda mai sitati da takalmi sau-ciki.

Abdulsalam ya matso suka gaisa. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma bakinsa ba ya raina abin tsokana. Ya leƙa jakar.

"Yallaɓai, ita gangar tana baya ne, ko wannan ɗin ne duka?"

"Shi ne duka," in ji Musbahu. "Ku dai ku kama aiki, sauran ku bar mini."

Ya yi abin da ya saba yi a kowane biki. Ya nemi inuwa mai kyau, ya ɗora fiyano a kan kujerar babur, ya danna maɓallin nan da ke sa na'ura ta riƙa buga kiɗa da kanta, ya zaɓi wanda ya fi tayar da 'yan mata a wajen kamu, sannan ya bi shi da yatsu. Gaskiya kiɗan ya yi daɗi. Samari suka yi shewa, wasu suka taka rawa da fartanya a sama, sannan suka jeru suka sunkuya da zafinsu. Musbahu ya lumshe ido yana kaɗa kai, don haka yake yi in hannunsa ya faɗa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, 'yan biki suna tsayawa wuri ɗaya, manoma kuwa tafiya suke yi. Kowane sara sai sun yi gaba. Kafin su kai tsakiyar kunya kiɗan ya koma kamar kukan sauro a bayansu. Ga shi kuma kiɗan rawa ne mai sauri, wanda ya yi ƙoƙarin binsa da fartanya ya ƙone ƙarfinsa tun da hantsi, na'ura kuwa ba ta san wani ya gaji ba. Sahu ya karye. Wannan ya miƙe ya riƙe ƙugu, wancan ya ciro waya yana dubawa. Wani ya ce zai je ya ga akuyarsa ya dawo, wani ya bi shi don ya taya shi ganin akuyar.

Duk wannan Musbahu bai sani ba, yana can yana jin daɗin hannunsa. Sai da ya ji an dire ƙwarya kusa da shi ya buɗe ido. Goggo Hure ce ta kawo fura ita da matan maƙwabta. Ta rame, zazzaɓin bai gama sakin ta ba. Ba shi take kallo ba, gonar take kallo: an ɗan yagi gefe ɗaya, rana ta ɗaga, samarin da suka rage ba su fi rabi ba, su ma a tsaitsaye.

Bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ya so ta yi masa faɗa irin na da, amma ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce a hankali, "Ba komai, ɗan nan. Ka yi iyakar yinka. Wataƙila dai Kanon ce rabona."

Maganar ta soke shi. Ya kashe na'urar, wurin ya yi tsit, sai ƙarar rediyon wani dattijo. A cikin shirun nan ne ya tuna yadda yake ganin Bappa tun yana yaro. Bai taɓa ganin Bappa a inuwa ba. Gangarsa tana rataye a kafaɗa, yana gaban manoma yana ja da baya, suna binsa da sara, har ƙasar fartanyarsu tana zuba a ƙafarsa.

Ya dubi fiyanon, ya ɗaga shi da hannu biyu. Da tsohon ne, da maganar ta mutu a nan. Wannan kuwa bai kai nauyin 'yarsa Zaituna ba ranar sunanta.

"Goggo, da abin da za ki ɗaure mini wannan a jikina?"

Ta dube shi, ta dubi abin. Ba ta tambayi dalili ba. Ta juya wajen wata maƙwabciyarta mai goyo ta karɓi aron majanyi, ta haɗa da nata mayafin, ta zagayo da su ta ƙarƙashin fiyanon, ta ratayo a wuyansa, ta ɗaure ragowar a ƙugunsa tamau, irin ɗaurin da ba a koya wa tsohuwa. Abin ya zauna a gabansa kamar farantin mai tallan goro. Dattawa suka fashe da dariya, wani ya ce a ba shi na ɗari. Musbahu ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga gona.

Ya je gaban Abdulsalam ya tsaya. Bai kunna kiɗan na'ura ba. Ya zaɓi muryar ganga mai kauri, ya ɗora yatsu.

"Yi sara in gani," ya ce.

Abdulsalam ya yi murmushi, ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya. Fartanya ta sauka, Musbahu ya buga. Ta ɗaga, ya jira. Ta sake sauka, ya buga. Da farko yana riga ta, ko ta riga shi, har Abdulsalam ya ɗago ya ce, "Kada ka ja ni, Yallaɓai, bi ni za ka yi tukuna. In jikina ya yi zafi sai ka ja." Ya bi shi. Can sai hannu da fartanya suka haɗu, kuma kowa a wurin ya ji lokacin da suka haɗu.

"Ka san takena?" in ji Abdulsalam, bai ɗago ba.

"Ina fa zan sani."

Sai ya rera masa da baki, yana sara yana yi, irin yadda Bappa ke buga masa. Kunnen Musbahu ba ya buƙatar a maimaita masa abu. Ya ɗauke shi, ya mayar masa da shi da muryar ganga, ya ƙara masa 'yar sarewa a sama da hannun dama. Abdulsalam ya yi wata kururuwa ya miƙe, ya ɗaga fartanya sama.

"Sai ni na Baiwa! Ciyawa in kin gan ni ki yi sallama da danginki!"

Ya faɗa wa kunyar nan kamar da ma da gaba a tsakaninsu. Na kusa da shi, wani gajere mai suna Mus'ab, ya ce ai bai isa ba, shi ma da nasa taken. Ya rera, aka buga masa. Sahu ya sake haɗuwa. Musbahu yana gaba yana ja da baya, laka tana shiga tsakanin yatsun ƙafarsa, yana zuwa gaban wanda ya ga ya fara sanyi ya tsaya a kansa har sai ya motsa. 'Yar lasifikar da ba ta iya cika fili daga inuwa, a nan kusa da kunnen mutum ta isa har ta yi yawa. Masu ganin akuya suka jiyo ihu daga gari suka dawo, har da ƙarin wasu da ba a gayyata ba. Wani magidanci da ke noma a gonar maƙwabta ya jure, ya jure, ya kasa, ya tsallako iyaka da fartanyarsa.

Da azahar aka tsaya aka yi salla a gindin tsamiya, aka sha fura, aka ci ɗanwake. An cinye fiye da rabin gonar. Shaddar Musbahu ta tashi daga fara ta koma kalar ƙasa, wuyansa ya yi ja inda majanyi ya kwanta, ƙaya ta soke shi sau ba adadi, amma rabon da ya ji daɗin kiɗa haka har ya manta. A biki mutane suna rawa ne su tafi. A nan kuwa in ya waiga yana ganin abin da kiɗansa ya yi, kunya bayan kunya, gero ya fito fili yana shan iska.

Aka koma. Rana ta karkata, saura wata kusurwa ta gabas inda ƙiri-ƙiri ya fi yin kaka-gida, sai gangar ta fara shaƙewa. Muryar ta yi ƙasa, ta yi rawa, ɗan hasken da ke jikin fiyanon ya dushe. Batir ya ƙare, kuma wanda ya saba zuwa da shi na ko-ta-kwana yana gida a aljihun wata rigar. Fartanyoyi suka fara rage gudu. Musbahu ya san in mutanen nan suka miƙe a wannan gajiyar, ba mai sake sunkuyar da su.

Ya kwance murfin baya, ya ɗaga batir ɗaya sama, ya yi kira wajen tsamiya.

"Iyayena, wa ke da irin wannan?"

Dattawa suka dubi juna, sannan kowa ya dubi rediyonsa. Malam Muhammad Bashir, wanda aka ce tun da ya mallaki rediyo labaran yamma ba su taɓa wuce shi ba, ya rungume nasa a ƙirji ya ce shi dai a bar shi. Goggo Hure ta je ta tsaya a gabansa. Ya yi 'yan gunaguni, ya juya rediyon, ya zazzage batiran a tafin hannunta. Sauran ma suka bi. Aka haɗa na wannan da na wancan, har da na tocilar wata mata, aka cusa. Gangar ta dawo da ƙarfinta, kuma a karon farko tun safe ba a jin muryar rediyo daga gindin tsamiya sai ta tsofaffin da kansu, suna zuga jikokinsu.

Yanzu kam Musbahu ya ja su. Ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba za su ankara ba, ya haɗa taken wannan da na wancan har suka koma abu ɗaya, mata suna guɗa daga bakin gona. Ana kiran la'asar a gari Abdulsalam da Mus'ab suka kai ƙarshen kunyar ƙarshe kusan tare, kowa yana rantsuwa shi ya riga.

Musbahu ya zauna a ƙasa inda yake, fiyano a cinya, yana haki yana dariya. Samari suka kewaye shi, masu tsokanar safe su ne masu tambayar ko zai zo musu tasu gayyar. Ya ce sai Bappa ya yarda, kuma sai ya je ya gaishe shi ya koyi sauran taken daga bakinsa.

Goggo Hure ba ta cikin masu hayaniya. Ta shiga gonar ita kaɗai, tana bin kunya a hankali, tana sunkuyawa tana tayar da geron da ƙasa ta danne. Musbahu ya bi ta don ya mayar da mayafi da majanyin mutane. Ya tarar idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce. "Allah ya sa naka su yi maka."

Kafin ya amsa sai wayarta ta yi ƙara a ƙullin zani. Ta kwance, ta miƙa masa ya duba mata. Karimatu ce. Ya danna ya ba ta, kuma da yake wayar mai amo ce, yana jin muryar 'yar uwarsa tana tambaya cikin taka-tsantsan ko an samu an yi wani abu, tana cewa kada Inna ta sa damuwa a ranta, su a shirye suke ko gobe ne.

Goggo ta bar ta ta gama. Ta share ido da bakin mayafin da ya mayar mata, ta dubi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan.

"Na ji, Allah ya saka," ta ce. "Ki gaida maigidan naki. In za ki zo ganina, ki taho mini da irin wake mai kyau, fari, mudu biyu. Tsakanin geron nan fili ya samu, jibi nake so in zuba."